Kada a sayar da kurmin Ebo kafin a san abin da ke cikinsa: buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Gandun Daji na Kamaru

Zuwa ga Mai Girma Ministan Gandun Daji da Namun Daji,
Yawunde.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ni ɗan kasuwa ne, haifaffen Garwa, na fi shekara ashirin ina zaune a unguwar New Bell a Duwala. Na san da Faransanci da Turanci ake aiki a ofishinka, amma da gangan na zaɓi in rubuta maka da Hausa, domin maganar ba taka ba ce kai kaɗai. Ina so 'yan uwana na unguwar Briqueterie a Yawunde, da na Gaundere da Marwa, da na ƙetaren iyaka a Taraba da Adamawa, su ji abin da na faɗa maka. Wanda zai fassara maka kuwa ba zai yi wuyar samu a Yawunde ba.

A kan kurmin Ebo nake son yin magana.

Wani dare ina dawowa daga Yawunde, motarmu ta tsaya a Edeya, dab da gadar kogin Sanaga. A gefen titi ga motocin gungume nan da muke kira gurumiye sun yi layi, direbobinsu na shan shayi. Ɗaya daga cikinsu gungume uku kacal ta ɗauko, kuma sun cika tirelar maƙil. Na sauka na matsa kusa, na ɗora tafin hannuna a fuskar da zarto ya yanka. Na buɗe hannuwana biyu iya ƙarfina, ban taɓa gefe da gefe ba. An rubuta lambobi da fenti a jiki, jan ruwa ya tsattsafo ya bushe a wurin, ƙamshin ɗanyen itace har cikin maƙogwaro. Duk mazaunin Duwala ya saba ganin waɗannan motoci suna gangarawa tashar jiragen ruwa dare da rana, har ido ya daina ganinsu. Ni ma haka nake, sai a daren nan na tsaya na tambayi kaina: wannan bishiyar, kafin a kayar da ita, su wa ke zaune a kanta da ƙarƙashinta?

Bari in tuna maka yadda zancen ya faro, ko da yake takardun suna nan a ma'aikatarka. A 2006 gwamnati da bakinta ta ce za ta mai da Ebo gandun dajin ƙasa, a kiyaye shi. Aka zauna jiran sa hannu, shekara na bin shekara, shiru kamar an shuka dusa. Farkon 2020 sai ga sanarwa cewa za a yanka dajin gida biyu a ba masu katako: yanki mai lamba 07-005, hekta 65,007, da mai lamba 07-006, hekta 68,385. Idan ka haɗa, hekta 133,392 ke nan, wato mafi yawan dajin. A watan Yulin shekarar Firaminista ya sa hannu a kan na biyun. Mutanen Banen, masu dajin, suka koka. Masana na gida da na waje suka koka. Ba a rufa wata guda ba, cikin Agusta, Shugaba Paul Biya ya ba da umarni a janye takardar. Muka yi hamdala, muka ce wuta ta mutu. Ashe toka ce kawai ta rufe garwashin. A 2022 katafila ta fara fasa hanya daga kudancin dajin, a watan Afrilun 2023 kuma aka sake fito da yankunan nan biyu aka miƙa su ga kamfanonin katako.

Ranka ya daɗe, me ya canja tsakanin Agustan 2020 da Afrilun 2023? Dajin shi ne dajin. Namun da ke cikinsa ba su yi ƙaura ba. Dalilin da ya sa Shugaban Ƙasa ya ce a dakata yana nan inda yake. Ni da sauran talakawa muna da haƙƙin jin amsar wannan tambaya daga bakinka.

Mutane da yawa a Duwala ba su san cewa a bayan gidansu, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba, akwai irin wannan wuri ba. Kurmi ne mai tuddai da kwazazzabai da ƙoramu, tsakanin Yabasi da Yingi da Ngambe, arewa da Sanaga. Tsaunukan nan da wuyar shiga su ne suka yi masa katanga har ya kawo yau. Kuma abin da ya hana ni barci shi ne, har yanzu ba a gama sanin abin da ke cikinsa ba.

Ka ɗauki gorila, gwaggon birin nan mai ƙirar ƙaton mutum. Sai a 2002 masana suka tabbatar akwai su a Ebo, ta hanyar shimfiɗar ganyen da suke kwana a kai da kashin da suke bari. Kudu da Sanaga akwai gorila iri guda, masu yawa, har zuwa Gabon da Kongo. Can arewa maso yamma, a kan iyakarmu da Najeriya, akwai na Kuros Riba, waɗanda duk duniya ba su kai 300 ba. Na Ebo suna zaune a tsakiya su kaɗai, kogi ya raba su da na kudu, nisa ta raba su da na arewa. Har yau masana ba su yanke hukuncin wane iri ba ne a cikin biyun, ko kuwa wani iri ne na daban. Ƙiyasin da aka yi ya ce ba su wuce 25 ba. Ashirin da biyar, ranka ya daɗe, ko sahu biyu na ƙaramin masallacin unguwa ba za su cika ba. Macen gorila kuwa ɗa ɗaya take haifa, sai ta yi wajen shekara huɗu kafin ta sake. Idan maharbi ya kashe mata uku a damina ɗaya, an gama da gidan.

Sai cimfanzi, wanda aka ƙiyasta akwai kimanin 700 a dajin, irin da ba a samu ko'ina sai Kamaru da Najeriya. A 2006 Bethan Morgan da Ekwoge Abwe, ɗan ƙasarmu, suka ba da rahoton abin da ya girgiza masana: cimfanzin Ebo suna fasa ƙwallon itace da dutse. Kafin nan an ɗauka sai can yammacin Afirka, daga Kodebuwa zuwa su Gini, ake samun wannan dabara. Na taɓa kallon hoton bidiyo na cimfanzi yana wannan aiki, a wayar wani yaron shagona. Ya zauna ya zaɓi dutse daidai hannunsa, ya ɗora ƙwallon a kan wuri mai tauri, ya buga, ya duba, ya gyara masa zama, ya sake bugawa. Ɗansa na tsugune a gefe ya zuba ido, kamar yaron maƙeri a bakin maƙera. Na maimaita kallon ya fi sau biyar. Na Ebo kuma, bayan fasa ƙwallo, suna zura tsinke a cikin suri su kamo gara su ci, kuma ba a san wani wuri a duniya da cimfanzi suka haɗa waɗannan sana'o'i biyu ba sai nan. Wannan abu ne da uwa ke koya wa ɗa. Ko da an bar cimfanzi dubu a gidajen namun daji na Turai, idan na Ebo suka ƙare, wannan ilimi ya tafi tare da su. Shi kuwa Abwe, a 2013 aka ba shi lambar yabo ta Whitley a Ingila saboda aikin da ya yi a dajin nan. Duniya ta karrama shi da sunan Kamaru, Kamaru kuma ta sa hannu a sare wurin aikinsa.

Akwai giwar kurmi, wadda ba ita ce giwar dawa da muka sani a arewa ba, ta fi ta ƙanƙanta, haurenta miƙaƙƙe. A 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta a jerin masu dab da ƙarewa, bayan yawanta ya ragu da fiye da kashi 86 cikin 100 a shekara 31. Akwai birin diril mai baƙar fuska, da jan birin nan na Preuss wanda wuraren da ya rage a duniya ba su da yawa. Akwai aku mai jar wutsiya. Akwai kwaɗon da ya fi kowane kwaɗo girma a doron ƙasa, wanda nauyinsa kan haura kilo uku, kuma a 2019 aka gano a nan Kamaru cewa yakan ture duwatsu da kansa ya gina wa ƙwansa tafki a gefen rafi.

Ƙananan halittu kuwa su suka fi nuna girman jahilcinmu da wurin. Wata 'yar ƙaguwar rafi da ake kira Louisea yabassi, an tsince ta a 1908 zamanin Jamus, daga nan ba a sake ganinta ba, har aka fid da rai. Sai a 2019 wani malamin Jami'ar Duwala, Pierre Mvogo Ndongo, ya same ta da rai a ƙoramun Ebo. Fiye da shekara 100 tana nan tana rayuwarta ba wanda ya sani. Haka tsirrai. Masanan lambun Kew na Landan, tare da takwarorinsu na ma'ajiyar tsirrai ta ƙasa da ke Yawunde, sun yi ta fito da sababbi daga dajin nan, har da dama daga cikinsu suna ɗauke da sunan wurin: Ardisia ebo, Palisota ebo, Kupeantha ebo wadda dangin kofi ce, da wata da ba ta tsirowa sai a kan dutsen da ruwa ke kwarara. A watan Janairun 2022 suka sanar da wata bishiya mai tsawon mita huɗu, wadda furanninta masu ruwan ɗorawa ke fitowa a jikin gindinta maimakon rassa. 'Yar uwar gwandar dajin da muke tsinka a arewa ce, danginsu ɗaya. Suka sa mata suna Uvariopsis dicaprio, don girmama ɗan wasan Amurka Leonardo DiCaprio da ya sa baki a rikicin 2020. Ni da son raina ne da sunan wani dattijon Banen aka sa mata, amma an ɗan share mini hawaye da aka raɗa wa wani fure na dajin suna Impatiens banen daga baya.

Ka lura da wani abu game da bishiyar nan. A 2008 aka tsinko reshenta, sai 2022 aka yi mata suna. Shekara 14. Mu a wurinmu kwana bakwai jariri ke yi a tara jama'a a raɗa masa suna. Aikin masana ba ya sauri haka, sai an gwada, an kwatanta da na sauran ƙasashe, an tabbatar. Injin zarto kuwa ba ya jiran kowa, bishiyar da ta girmi kakan kakana ba ta ɗaukar masa awa guda. Idan aka bar waɗannan biyu suka yi tsere, kai ma ka san wanda zai riga. Akwai halittu a Ebo da za su ƙare ba a yi sunansu ba, kuma ba za mu taɓa sanin wace ce a cikinsu ke ɗauke da maganin cutar da za ta addabi jikokinmu ba.

Ni ɗan kasuwa ne, da idon kasuwa nake kallon abin. Hausawa suna hana cinikin biri a sama, domin mai saye kada ya biya kuɗin abin da bai riƙe ba. A Ebo abin ya juye: mai sayen ya san abin da yake so sarai, ya ƙirga itatuwan azobe da tali da sauran masu tsada, ya yi lissafin ribarsa. Mai sayarwar ne bai san abin da ke cikin buhunsa ba. Ko a rabon gado, ba a fara rabo sai an tattara dukiyar mamaci an ƙididdige, an kira magada kowa ya zauna. Wanda ya sayar da gonar gado kafin a yi wannan, ko alƙalin ƙauye zai warware cinikin. Dajin nan gado ne, magadansa kuma wasu suna raye ba a kira su ba, wasu ba a ma haife su ba.

Na san amsar da jami'anka za su bayar, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Za su ce ba share daji za a yi ba, zaɓe ake yi, bishiya ɗaya ko biyu a hekta, a bar wurin ya huta shekara 30 kafin a dawo. A takarda haka yake. Amma gungumen da na taɓa a Edeya ba a shekara 30 ya yi wannan kauri ba, kuma ba a shekara 30 za a sami madadinsa ba. Sannan babbar ɓarnar ba a kututturen take ba, a hanyar take. Kafin a fitar da bishiya ɗaya sai katafila ta fasa titi zuwa gindinta. Titin da mota ta bi, babur zai bi. Maharbin da a da sai ya yi kwana uku a ƙasa kafin ya kai tsakiyar daji, kuma ba ya iya ɗauko fiye da abin da kansa zai ɗauka, yanzu zai shiga da safe ya fito da yamma da buhu biyu. Ma'aikatan sansanin katako suna bukatar nama. Tarkon waya ba ya tambayar ƙafar wa ya kama, ta gada ce ko ta ɗan gorila. Ka shiga kasuwannin Duwala ka ga kyafaffen naman daji a kan tebur. Na taɓa tsayawa a gaban wani tebur na ga hannun biri a kyafe, yatsu biyar a dunƙule, da farcensa. Ban iya cin abinci ba ranar. Bayan maharbi sai mai ƙaramin zarto da ba shi da lasisi, bayan shi sai mai gawayi, bayan shi sai mai gona, daga ƙarshe sai mai neman filin kwakwar manja. Ita kuma giwa idan ta tafi, manyan itatuwan da ita ce ke haɗiye ƙwallonsu ta kai shi nesa ta shuka da kashinta, irin su mowabi, su ma haihuwarsu ta ragu. A 2023 kaɗai, ƙididdigar tauraron ɗan'adam ta nuna Kamaru ta rasa sama da hekta 100,000 na tsohon kurmi, muka shiga cikin ƙasashe goma da suka fi kowa asara a duniya.

Ranka ya daɗe, abin da ya sa ɗan Garwa yake kuka a kan dajin da ba na kakanninsa ba shi ne, mu mun riga mun ga ƙarshen irin wannan hanya. Ina yaro, tsofaffi a ƙofar gidanmu suna ba da labarin karkanda kamar yadda ake labarin maƙwabci: inda take shan ruwa, yadda take kai hari idan ta ji warin mutum, yadda mafarauci ke hawa bishiya ya tsira. Baƙar karkandar yammacin Afirka, mafakarta ta ƙarshe a duniya ita ce arewacin Kamaru. Wajen shekarar 2000 an ce saura kimanin goma. A 2006 aka shiga daji aka yi ta nema, ba a ga ko ɗaya ba. A 2011 aka sanar wa duniya ta ƙare. A hannunmu ta ƙare, a zamaninmu, kuma akwai doka da ta hana kashe ta, akwai ma'aikata, akwai taruka. 'Ya'yana sun san kalmar karkanda, ba za su taɓa ganin tamu ba. Farkon 2012 kuma mahaya dawakai ɗauke da bindigogi suka tsallako iyaka suka karkashe ɗaruruwan giwaye a gandun Buba Njida kafin sojoji su isa. Madobiya, wadda masu katako ke kira madrid ko koso, a gaban idonmu aka yi mata wawaso a Taraba da kan iyakarmu aka loda zuwa Sin, har sai da aka sa ta a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, mai taƙaita cinikin tsirrai da namun daji tsakanin ƙasashe, a 2017, lokacin da tuddai da yawa sun riga sun zama sanƙo. Yanzu gwamnati na kashe kuɗi a shirin Sahel Vert tana dasa itatuwa a arewa mai nisa, yara na ɗebo ruwa a jarka suna ba su, da yawa na mutuwa kafin damina. A can muna wahalar rayar da dashe mai tsawon kamu ɗaya, a nan muna kayar da wanda Allah Ya raya mana ba da ko sisinmu ba. Gani ga wane, an ce, ya ishi wane tsoron Allah.

Sai maganar mutanen Banen, waɗanda ya kamata a ce da su aka fara. Ƙauyukansu fiye da 40 ne ke da alaƙa da dajin nan. Ba da son ransu suka bar shi ba. A ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960, lokacin yaƙin da aka yi da 'yan UPC, jam'iyyar da ta yi fafutukar 'yancin kai, aka tashe su daga ƙauyukansu aka ce su fito bakin hanya. Wasu suka zauna a gefen dajin, wasu suka watsu zuwa Duwala da sauran garuruwa. Akwai wani dattijo daga cikinsu da ke sayayya a wurina shekara da shekaru. Wata rana zancen ya taso, ya ajiye ledarsa a kan kanta, ya ce mini kabarin mahaifin babansa yana can ciki, ya san bishiyar da ke kansa, kuma duk lokacin da ya ga gurumiye ta wuce sai gabansa ya faɗi. Na rasa abin da zan ce masa. Na tuna maƙabartarmu ta Garwa, na ƙaddara a ce wani ya zo da takarda daga Yawunde ya ce an ba shi ita.

Gaskiya ce kan Banen ɗin ba a haɗe yake ba. Akwai manyansu da ke goyon bayan hanyar da kamfanonin, kuma ban ga laifin talakan da ya bi su ba. Wanda matarsa ta taɓa naƙuda aka ɗauke ta a kan babur cikin taɓo zuwa Yingi ko Yabasi, ba ka da bakin ce masa hanya ba ta da amfani. Suna bukatar titi, da asibiti, da makaranta, da hanyar fitar da kokonsu kasuwa. Amma waɗannan haƙƙinsu ne a matsayinsu na 'yan ƙasa, bai kamata a ce sai sun ba da kabarin kakanninsu kafin su samu ba. Titin da zai haɗa ƙauyukan da mutane ke zaune daban, titin da zai ratsa tsakiyar kurmi inda babu kowa sai manyan itatuwa daban. Duk wanda ya dubi inda hanya ta nufa zai gane don wa aka yi ta.

Kuɗin kuma fa? Dokar gandun daji ta 1994 ta kawo harajin shekara da kamfani ke biya a kan kowace hekta, aka tsara rabi na gwamnati, kashi 40 na ƙananan hukumomi, kashi 10 na ƙauyukan da ke gefen daji. A 2015 aka cire wannan kashi goman na talakawa ɗungurungum, a 2017 aka maido musu da 6.75. Ka aika a zagaya ƙauyukan jihar Gabas, inda aka fi shekara 30 ana fitar da gungume, a dawo a faɗa maka nawa ne ke da ruwan famfo da wutar lantarki. Idan katako yana arzurta ƙauye, da su ne attajiran Kamaru. Ko ta fuskar ciniki ma, gungume ɗanye muke lodawa, a sarrafa shi a Sin da Biyetnam, aikin yi ya tafi can. Gabon ta hana fitar da ɗanyen gungume tun 2010. Mu a ƙungiyar CEMAC ta tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya an sa ranar hanawa a 2022, aka ɗaga zuwa 2023, aka sake ɗagawa zuwa 2028.

Mu mazauna Duwala ma kada mu ɗauka abin ya tsaya can. Ruwan da ke gangarowa daga tuddan Ebo yana shiga kogin Dibamba, daga Dibamba kuma matatar Japoma ke jan ruwan da wani ɓangare na birnin nan ke sha. Kurmi kamar soso yake, yana riƙe ruwan sama ya sake shi a hankali. Idan aka yaye shi, da damina laka da ambaliya, da rani ƙaranci. Wanda ya taɓa kwashe katifarsa cikin dare a unguwannin Duwala na ƙasa-ƙasa ya san abin da nake nufi.

A Yawunde shugabannin Afirka ta Tsakiya suka taru a watan Maris na 1999 suka yi alƙawarin kiyaye kurmin yankin, kuma a Yawunde hedikwatar hukumar kula da dazuzzukan yankin, COMIFAC, take har gobe. A Glasgow a 2021 mun sa hannu tare da sauran ƙasashe cewa za a tsayar da ɓarnar daji kafin 2030. A watan Yulin 2024 aka yi sabuwar dokar gandun daji. Alƙawari dai ba mu da ƙarancinsa. Abin da nake roƙonka shi ne ka cika guda ɗaya a wuri ɗaya. Ka kai wa Firaminista da Shugaban Ƙasa shawarar a dakatar da sara da fasa hanya a yankunan nan biyu, kamar yadda aka yi a 2020. A ba masananmu na Duwala da Yawunde da Buya lokaci da kuɗi su shiga su ƙirga abin da ke ciki, a buga sakamakon kowa ya gani. A zauna da Banen, ba manyan da ke birni kaɗai ba, har da tsofaffi da mata da matasan ƙauye, a shata taswira tare: nan kabari ne, nan gona, nan dajin al'umma da za su ci moriyarsa da kansu, nan kuma wurin gorila ne ba mai taɓawa. Tun 2012 akwai ƙungiyoyin abokan gorila a ƙauyukan gefen dajin, cikinsu har da tsofaffin maharba da suka ajiye bindiga suna zagayawa suna duba sawun namun. Ma'aikata ne da ka samu a sama, a ɗauke su aiki a biya su. A kuma fito da takardun yadda aka ba da yankunan nan biyu, wa ya nema, wa ya samu, nawa ya biya. Idan komai bisa ƙa'ida aka yi, fito da su ba zai cuci kowa ba.

Kafin in rufe, kalma biyu ga 'yan uwana, tunda da harshenmu na rubuta. Hannunmu ba a wanke yake ba. A cikinmu akwai direbobin manyan motoci, akwai dillalan katako da ke loda shi zuwa arewa har Cadi, akwai masu sayen gawayi buhu-buhu ba su tambayi daga ina ya fito ba. Ba na ce kowa ya bar sana'arsa ba, amma katakon da ba shi da takarda, kayan sata ne, kuma mun san hukuncin mai sayen kayan sata. Malamanmu su ma su taɓo zancen a kan mumbari. A cikin Suratul An'am, aya ta 38, Allah Ya gaya mana cewa dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsayen da ke tashi da fikafikansu al'ummomi ne irinmu. Al'ummar da ta rage mutum 25, da ta 'yan Adam ce, da tuni mun yi mata gangami.

Ranka ya daɗe, daga ofishinka zuwa Edeya tafiyar awa uku ce, daga can a shiga hanyar dajin. Ina roƙonka ka je da ƙafarka, ba da jerin gwanon motoci ba. Ka sa ɗaya daga cikin tsofaffin maharban nan ya shige maka gaba, ya nuna maka shimfiɗar da gorila ya kwana a kai daren jiya, da dutsen da cimfanzi ya bari a gindin bishiya da ɓawon ƙwallo a warwatse kewaye da shi. Ka ce wa dattawan Banen su kai ka kufan ƙauyensu. Bayan ka dawo, sai ka sake buɗe fayil ɗin 07-005 da 07-006.

Ina jiran amsarka, ko ta rediyo ce zan ji.

Allah Ya yi maka jagora, Ya ba ka ikon riƙe amana.

Naka,
Wani ɗan kasuwa, New Bell, Duwala.